Damina da Kyamara: Abin da Hoto Ya Ɗauka da Abin da Ya Bari a Bomo da Samaru

Duk wanda ya zauna ya duba tsofaffin hotunan ƙasar Zazzau, ko waɗanda ke cikin littattafan Turawa, ko na ma'ajiyar tarihi da ke Kaduna, ko kuwa waɗanda wani tsohon ma'aikaci ya adana a ƙasan akwatinsa, ba zai daɗe ba zai lura da wani abu guda: kusan kullum rana ake ƙwallawa a cikinsu. Ƙasa a bushe, sama ba gajimare, inuwar kowa na kwance a gefensa, dawaki na ta da ƙura. Baƙon da bai san ƙasar ba, in da hotunan nan kaɗai zai yi hukunci, sai ya ce ba a ruwa a nan. Alhali kuwa ma'aunin ruwan sama na Samaru, wanda ake rubuta abin da ya tara tun shekarun 1920, ya nuna cewa ruwan da kan sauka a shekara yakan kai milimita 1,000 ko ya ɗan ɗara, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, mafi yawansa kuma a Agusta. Watau wajen wata biyar ke nan daga cikin goma sha biyu, kuma su ne watannin da ake yanke wa shekara hukunci, ko rumbu ya cika ko a kwana da yunwa. To, ina waɗannan watanni suka shiga a tarihin da kyamara ta rubuta?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, saboda haka ɗalibin da zai tsananta bincike a kan labarin da tsoho ya ba shi, in aka miƙa masa hoto sai ya karɓa ba musu. Amma malaman tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, musamman Yusufu Bala Usman, sun nace a kan cewa kowace shaida sai an titsiye ta: wa ya kawo ta, yaushe, kuma don me? Hoto ma shaida ne, yana da mai shi, yana da ranarsa, yana da abin da ya kau da kai daga gare shi. Bomo kuwa wuri ne mai kyau na gwada wannan magana. Ƙauyen manoma ne daf da Samaru, a ƙaramar hukumar Sabon Gari, tafiyar ƙafa ce tsakaninsa da gonakin gwaji da gidajen malaman jami'a. Ƙauyukan Arewa kaɗan ne suka yi maƙwabtaka da masu kyamara da wuri kamarsa.

Kyamara ta shigo ƙasar nan ne a bayan bindiga da hanyar jirgi. Turawa sun kama Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ta tsiro a gefen tasha, ta cika da akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen bakin teku. A can Kudu kuwa sana'ar hoto ta riga ta zauna: George da Costa ya buɗe shagonsa a Ikko tun 1895, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki hotunan aikin shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Arewa. Hotunan farko na wannan yanki, saboda haka, na hukuma ne da ma'aikatanta, kuma hukuma da rani take yawo. Jami'in mulki yakan fita rangadi ne bayan ruwa ya ɗauke, rafuka sun janye, hanya ta bushe, manomi ya sayar da auduga ko gyaɗa yana da abin biyan haraji. Manyan tarukan da aka shirya don idon duniya su ma haka: hawan dabar da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a watan Afrilu na 1925, da wanda aka yi wa Sarauniya a Kaduna a Fabrairun 1956, da na bikin al'adun baƙar fata a farkon 1977, duk da rani aka yi su, don ba mai tara dubban dawaki a cikin taɓo. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda ta zama tambarin arzikin Arewa, hoton kaka ce da rani. An nuna buhunan, ba a nuna duƙen da ya cika su ba. Da farin 1973 ya zo, hotunan busassun rijiyoyi da mushen shanu suka zaga duniya, sai tsohon zato ya ƙara samun gindin zama.

Masu hoto na sana'a da suka kafa shaguna a Sabon Gari, akasarinsu Yarabawa da Ibo a farkon al'amari, wata bukata dabam suke biya. Mutum yakan je wurinsu ne ranar da ya fi kowace rana kyau a wurinsa: ranar Salla, ranar aure, ranar gama makaranta, ko ranar da ya sayi sabon keke. Ya yi wanka, ya sa riga mai aiki, ya gyara zaman hula, ya zauna gaban labule mai zanen bene, agogon hannu a fili. Ba wanda zai biya kuɗi a ɗauke shi da laka har gwiwa. Wannan ba ƙarya ba ce, mutunci ne, kuma ɗalibin tarihi ba shi da ikon raina shi. Sai dai ya san cewa kayan Salla yake gani, ba kayan gona ba. Akwai kuma masu akwatin katako mai ƙafa uku, da kan zauna bakin kasuwa ko ƙofar ofis, su lulluɓe kai da baƙin ƙyalle, su wanke hoton fasfo nan take a cikin akwatin. Su da hasken rana suke aiki. Hadari na haɗowa sai su naɗe labule.

Saura mutum na uku, wanda shi ne ainihin abin magana a nan, watau ɗan sha'awa, wanda hoto ba sana'arsa ba ce, ba kuma aikin ofis ba ne. Samuwarsa ta biyo bayan arahar kyamara. Kamfanin Kodak na Amurka ya fito da ƙaramar kyamara a 1888, sa'an nan a 1900 ya fito da Brownie a kan dala ɗaya. Shahararren mai hoton nan na Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, da irinta ya fara a 1950. A 1963 aka sami Instamatic, wadda ko yaro zai iya ɗura mata fim. Samaru ta tara irin waɗannan mutane fiye da yawancin garuruwan Arewa. An kafa tashar binciken aikin gona a can tun 1922. A shekarun 1950 aka buɗe Kwalejin Fasaha da Kimiyya, da sashenta na zane-zane. Ranar 4 ga Oktoba, 1962 kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Malamai daga Ingila, Indiya, Amurka da sauran ƙasashe suka zo da kyamarorinsu. Ɗalibai ma suka fara mallaka. Bayan ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975, ƙananan ma'aikata da yawa sun sayi rediyo da babur, wasu kuma suka haɗa da kyamara.

To, me ya hana waɗannan cike giɓin? Abu na farko ita kanta na'urar. Ƙaramar kyamarar akwati ido ɗaya gare ta, ƙanƙane, ƙiftawarsa kuma iri ɗaya ce, kuma umurnin da kan zo da ita shi ne mai ɗauka ya sa rana a bayansa. In hadari ya rufe sama sosai, hasken da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin takwas na hasken rana tsaka ba. A cikin zaure ko ɗakin soro kuwa abin ya fi haka muni. Hoton sai ya fito duhu, ko kuwa mai tafiya ya zama kamar hayaƙi. Ga tsada: fim guda hoto goma sha biyu ne, ko ashirin da huɗu, in ya yi yawa talatin da shida, kowane ɗaya kuma sai an biya kuɗin wanki, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Mai fim ɗaya a wata uku ba zai yi caca da shi a kan ruwa ba. Bayan matakan tsuke bakin aljihu na 1986, da darajar Naira ta faɗi, kayan hoto da ake shigowa da su suka ƙara tsada, ɗan sha'awa ya ƙara ƙanƙame hannu.

Abu na biyu ba a cika lura da shi ba, shi ne tsarin shekarar karatu. A shekarun 1960 da 1970 jami'a kan buɗe a Oktoba ta rufe a Yuni. Dogon hutu, daga Yuli zuwa Satumba, ya faɗo daidai tsakiyar damina. Ɗalibai sun koma garuruwansu, malamai baƙi da yawa sun tafi hutu ƙasashensu. Watau a daidai lokacin da Bomo ta fi cika da aiki, a lokacin ne maƙwabtanta masu kyamara suka fi ƙaranci. Baƙon da ya yi shekara uku yana koyarwa a Samaru zai iya komawa gida da ɗaruruwan hotuna, na kasuwa, na raƙuma, na ganuwa, na dutsen Kufena cikin hazo, bai taɓa ganin yadda dawa ke rufe hanyar ƙauye ta fi mahayin doki tsawo ba.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da aka rasa, domin ranar ruwa a ƙauye irin Bomo ba ranar zaman banza ba ce. Hadari yakan taso ne daga gabas, iska ta riga shi isowa, mata su yi ta tsere da shanya, a kwashe barkono da tufafi, a kora kaji, a ja itacen girki ƙarƙashin rumfa. In ruwan ya sauko, indararo ya fara zuba, maigida ya zaga da fitila ko da rana ne, yana duban inda soro ke yoyo, a tara kwano a nan, a ja tabarma can. Katangar da ba a yi wa yaɓe da rani ba, yanzu za ta faɗi gaskiya. Gidan da ya sami rufin kwano, sai a jera randa da bokiti a bakinsa, an huta da rijiya yini guda. Wanda ruwa ya tare a gona ya fake gindin ɗorawa ko ya naɗe buhu ya kifa a ka. Makiyayi yana da malafa, a da can har da kabido na kaba. Lebura mai aiki a gonar gwaji ya tura kekensa, laka ta cushe tsakanin taya da madogara, yana lissafin ko za a rubuta masa latti. Mai nono ta rufe ƙwarya da faifai, ta bi gefen hanya zuwa Samaru, don nono ba ya jiran ruwa ya ɗauke. Da an ɗauke kuwa, yara sun fito tsirara suna tare rafin da ya bi lungu, kududdufi ya cika, kwaɗi sun kafa kuka, magidanta sun saɓa fartanya tun ƙasa na da laushi.

A tsakiyar marka, lokacin da ake kwana ana wuni ana yayyafi, akwai wani abu da hoto ba ya iya ɗauka ko da an so. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba. Gona kore shar, rumbu kuwa ya yi ƙasa. Lokacin tafasa ne da rama da zogale, lokacin da ake sa ido ga gero ya yi tumu, ga sauro, ga zazzaɓi. Mai kallon hoton koren gona daga nesa zai ce wadata ce; mai gonar ya san wata guda ya rage masa na haƙuri.

Gaskiya ne akwai waɗanda ba su tafi hutu ba. Masana aikin gona na Samaru da damina suke aikinsu, kuma sun ɗauki hotuna masu yawa. Sai dai abin da suka sa a gaba shi ne tsiro: kunyar auduga, zangarniyar dawa, ganyen gyaɗa mai cuta. In mutum ya shiga hoton, sau da yawa an tsayar da shi ne a ga tsawon kara. Abin da ya fi kusa da rayuwar manomi ya fito ne ta hanyar ƙididdiga. Daga 1966 zuwa 1967 David Norman da abokan aikinsa sun bi gidaje a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi suna rubuta aikin kowace rana, suka tabbatar da abin da kowane manomi ya sani, cewa a Yuni da Yuli, lokacin noman fari da maimai, hannu ke ƙaranci, kuma haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya dabara ce, ba jahilci ba. Aiki ne mai daraja ƙwarai. Amma jadawali ba ya nuna fuska.

Harshe kuwa bai yi wannan sakaci ba. Inda kyamara ta ga rana kawai, Hausa ta raba shekara zuwa bazara, damina, kaka, hunturu da rani, ta ware marka a cikin damina, ta bambanta yayyafi da tsattsafi da mamako, ta san ruwan shuka, ta san binne, watau shukar da akan yi a busasshiyar ƙasa ana sauraron rahama. Na'ibi Sulaimanu Wali ya tsara waƙa sukutum a kan damina, wadda D. W. Arnott ya yi nazarinta da Turanci a 1968. Mai neman tarihin waɗannan watanni zai fi samunsa a bakin mutane da a takardar hoto, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa a sake auna karin maganar nan ta gani da ji.

Wani abin mamaki shi ne, ga mai kyamara mai kyau da fim mai saurin kama haske, ranar gajimare ta fi ranar ƙwalleliya alheri. Farar riga da baƙar fuska a tsakar rana sun fi ƙarfin fim: in rigar ta fito, fuskar ta nutse, in fuskar ta fito, rigar ta ƙone, aikin zaren da aka biya kuɗi dominsa ya ɓace. Fim mai launi na wancan zamani ma da fatar Bature aka auna shi. Gajimare kuwa yakan tace hasken, ya raba shi daidai, ido da tsagar fuska da aikin wuya duk su bayyana. Bayan ruwa kuma iska takan wanku, a hangi nesa tangaran, abin da hazon hunturu ba ya bari. 'Yan hotunan damina da suka tsira sukan fi 'yan'uwansu na rani nuna kamannin mutane.

Darajar ɗan sha'awa ta fi fitowa a cikin gida. Yawancin aikin ranar ruwa bayan zaure ake yin sa, inda Bature da mai shago ba su da shiga, kuma malamai da dama ba su saki jiki da hoto ba, ko da yake larurar fasfon aikin Hajji ta sassauta abin. Ɗan gida ne kaɗai, akawu ko malamin makaranta da ya zo hutu da 'yar kyamararsa, zai iya ɗaukar ƙannensa suna tarbar ruwa, ko kakarsa tana gasa masara a bakin murhu. Hotonsa a karkace yake, wani lokaci an yanke kan wani. Amma abin da bai nufa ba shi ne dukiyar: rufin da ke bayan mutanen, na ciyawa ne ko soro ko kwano, abin ɗiban ruwa, tulu ne ko bokitin ƙarfe ko na roba, takalmi a ƙafar yaro ko babu. Da irin waɗannan ake gane lokacin da kuɗin albashi ya fara canja fuskar ƙauye.

Sai dai damina ba ta tsaya ga hana ɗaukar hoto ba, har wanda aka ɗauka tana ci. Fuskar takardar hoto da wani sinadari mai kama da ƙaro aka shafe ta, wanda ke shan laima. Da marka sai hotuna su manne da juna ko da gilashin firam, fumfuna ta yi musu tabo, ta shiga har idon kyamara ta yi masa saƙa. Hunturu ya zo ya busar da su su nannaɗe su tsage. Gara ta gama da sauran. Masu launi na shekarun 1970 da 1980 da yawa sun koma ja-ja. Gidan Arewa, wanda Abdullahi Smith ya jagoranci kafa shi a 1970, da ma'ajiyar takardun gwamnati ta Kaduna, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, an gina su ne a kan takardun hukuma da rubuce-rubucen malamai da littattafai. Albam ɗin talaka yana gidan mai shi, kuma ranar rabon gado ba a cika lissafa shi cikin dukiya ba.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, bayan 'yan shekaru kuma masu kyamara suka yawaita, matsalar fim da ta haske ta kau. Yanzu hotunan ruwa sun yi yawa, amma in aka duba waɗanda ke yawo a Facebook da WhatsApp, galibinsu na ɓarna ne: kwalbati ya karye, gini ya rufta, ruwa ya shiga shago. Ana ɗaukar su ne don kai kuka ga hukuma, kuma hakan na da amfani. Ranar ruwa ta yau da kullum, wadda ba a yi asarar komai ba, har yanzu ba ta cika samun mai ɗauka ba, wadda aka ɗauka kuma tana tafiya da wayar in ta faɗa ruwa ko aka sace ta.

Ga ɗalibin da tsohon albam ya faɗo hannunsa, babu suna babu kwanan wata a bayan hotunan, ita damina da kanta tana iya taimakonsa. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da wajen kwana goma sha ɗaya, saboda haka Salla takan zaga yanayin shekara ta dawo inda ta taso cikin kimanin shekara 33. Ƙaramar Salla ta faɗo a watan Agusta a 1979 da 1980 da 1981, sa'an nan a 2011 da 2012 da 2013; Babbar Salla ta faɗo cikinsa a 1985 da 1986 da 1987, da kuma 2018 da 2019. A waɗannan shekaru al'ada ta tilasta wa kyamara fita cikin ruwa, tun da ba a ɗage Idi saboda hadari. In aka ga hoton yara da kayan Salla, ciyawa kore a ƙafarsu, lema a hannun babba, dawa ta yi tsawo a bayan katanga, an rage shekarun da za a yi zato a kansu ƙwarai. In akwai rago ɗaure a gefe, an san wace Salla ce. Sauran aikin na tsofaffin gidan ne, a kai musu hoton tun suna iya gane fuskokin da ke cikinsa, a rubuta sunayen a baya da fensir, don tawadar biro takan ratsa takarda in laima ta taɓa ta.